Ruwan Duro Ɗaya

Tun da Yaya ya rasu, Auta ce ke kai wa Baba abincin rana a tanderun gasa bulo. Inna ta ce ƙafarta ba za ta sake taka wurin ba. A can Yaya ya yi aiki tun yana saurayi, yana tura baro cike da jan bulo daga bakin wuta zuwa fili, har ƙodarsa ta tsaya. Ya fara da kasala da amai, aka ce zazzaɓi ne. Kafin a gane, an makara.

Ba shi ne na farko ba. Mazan tanderu sun saba da abin har ba sa kiran sunan ciwon, sai dai su ce wane ya gaji. Mutum ya gaji, ya zauna a gida, sai kuma a ji labari.

Bayan rasuwar da 'yan watanni mutanen Cibiya suka zo. Cibiyar bincike ce ƙarama, ofishinta a saman bene, bisa wani shagon sayar da tayoyi. Shugabarsu mace ce, likita, siririya, ma'aikata suka sa mata Mai Tabarau tun ranar farko. Ranar da ta tara su a ƙarƙashin rumfar kwano, Auta tana tsaye bayan tulin bulo da kwanon Baba a hannu, ta kasa shiga ta kasa komawa.

Mai Tabarau ta ce zafi ne ke cin ƙodarsu, zafin wuta da na rana, da gumin da ke fita ba ya komawa. Ta ce duniya ƙara zafi take yi, kuma abin da ke faruwa a bakin tanderu yau shi zai sami manomi da birkila da mai gyaran titi nan gaba. Don haka suke son su gane maganinsa tun yanzu, a nan inda abin ya riga ya iso.

Mai tanderu yana zaune kan kujerar roba, yana kaɗa makullin mota. Ya ce shi abin da ya sani, mazan nan jiƙe-jiƙe suke sha barkatai, shi ke kashe su. Sannan ya tambaya, "Wai ku wa ya aiko ku? Gwamnati ko kamfani?"

"Babu ko ɗaya," in ji ta. "Ba mu da uban gida. Abin da muka gani shi za mu faɗa, ko ya yi wa wani daɗi ko bai yi ba."

Baba ya ce daga inda yake tsugune, "Marar uban gida kuwa, ranar ruwan sama shi ke jiƙewa, Likita."

Aka yi dariya, har da ita. Ta ce ai sun saba jiƙewa.

Abin da suka kawo wani farin gari ne a cikin 'yan ledoji, ana zuba shi a ruwa a sha lokacin aiki. Kowane mutum da nasa ledojin, da lambarsa a jiki. Sai dai ta faɗa musu gaskiya tun farko: rabin ledojin ne ke da maganin da ake gwadawa, sauran gari ne kawai mai kama da shi. Ƙuri'a ce ta raba, kuma wanda ya yi rabon yana wani gari, ita kanta ba ta san na wane ne na gaske ba. Ta haka ne kaɗai za a gane ko garin yana aiki, idan aka gwada waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba. Duk wanda ya shiga, za a riƙa duba jininsa da fitsarinsa kowane wata. Sharaɗi guda ne: kowa ya sha nasa, shi kaɗai.

Baba ne ya fara miƙa hannu. Ya ce abin da ya ci doma ba ya barin awai.

Gwajin farko ya nuna ƙodar Baba ta fara rauni. Inna ta yi kuka a ɗakin girki, ta fito ta ce albasa ce. Amma wata ya zo ya wuce, wani ya biyo, duk lokacin da suka hau benen nan Mai Tabarau sai ta ce abin bai ƙaru ba, yana nan inda yake. Inna ta ɗora ranta gaba ɗaya a kan ledojin. Ta samo musu gwangwani mai murfi, ta ajiye a saman kabad inda jikoki ba sa kaiwa, kullum da safe ita ke sa wa Baba na ranar a aljihu.

"Naka na gaske ne," takan ce. "Jikina ya ba ni."

"Jikinki ai ya taɓa ba ki cewa ni mai kuɗi ne," in ji Baba.

Ban da Baba, Auta ce kaɗai a gidan ta san inda ledojin ke zuwa.

A tanderu duro ɗaya ne na ruwan sha, shuɗi, a gindin rumfa, da kofi ɗaure da igiya. Haka aka saba tun kafin a haifi Auta. Wanda ya fito daga bakin wuta ba ya neman jakarsa, duro yake nufa, kuma wanda ya riga shi yakan ɗebo ya miƙa masa kafin shi ya sha. Wata rana ta zo da wuri, ta tarar da su sun kewaye duron. Kowa ya ciro ledarsa, ya yage da haƙori, ya zazzage a ciki. Kawu Gajere, abokin Baba tun suna samari, shi ke juyawa da wani tsabtataccen katako.

Ya ɗago ya gan ta. "Ga 'yar kurma ta zo. Ke, in kin ga abu kina faɗa?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Wannan ko gobara ta gani sai dai ta nuna da yatsa," in ji wani, aka yi dariya.

Baba ya karɓi kwanon, ya ja ta gefe. Bai yi faɗa ba. Ya ce ta duba idon Gajere da kyau, yadda ya faɗa. "Muna shiga wuta tare, mu fito tare. Sai in koma gefe in sha nawa, alhali ban sani ba ko nasa garin banza ne? In nawa ne na gaske, na ci amanarsa. In nasa ne, ya ci tawa. A duro kowa ya samu rabi. Rabi ya fi babu."

"Amma Likita ta ce..."

"Likita mutuniyar kirki ce. Ba ta taɓa ɗaukar bulo ba ne kawai." Ya buɗe kwanon ya leƙa. "Kar innarki ta ji. Ita kuma cewa za ta yi ina rabar da rabona."

Haka aka ci gaba. Auta takan zauna a kan bulo tana jiran kwano, tana kallon su suna layi a duro, jikinsu ya yi ja da ƙura, gumi ya zana hanyoyi a bayansu. Wani lokaci takan ga abin daidai ne. Wani lokaci kuma ta tuna fuskar Mai Tabarau ranar da take cewa kowa ya sha nasa, yadda ta maimaita, ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

Shekara ta kusa zagayowa sai Mai Tabarau ta zo tanderu ba ranar zuwanta ba. Ta rame, tabarau ɗin ya yi mata yawa. Ta tara su ta tambaya ko akwai wanda ke ba wani nasa. Suka ce babu. Ta tambayi Baba shi kaɗai, a matsayinsa na babba. Baba ya dubi ƙasa ya ce kowa nasa yake sha. Ta daɗe tana tsaye kusa da duron, har ta dafa murfinsa, sannan ta tafi.

Da yamma a hanyar gida Baba ya ce wa Auta, "In aka sani, cire mu za a yi. Ni da gwajin da garin, duka. Kin ji ko?"

Ta ce ta ji.

Ranar gwaji ta zo. Inna ba ta iya hawan matakala saboda gwiwa, don haka Auta ke raka shi. Warin roba daga shagon ƙasa ya cika benen. A ɗakin farko akwai benci, da firji mai gurnani, da fanka da ke juya kai kamar mai neman wani. Aka ɗebi jinin Baba, aka ba shi 'yar kwalba, ya nufi banɗaki a ƙarshen baranda. Yakan daɗe a can, domin fitsarin ba ya zuwa da sauƙi yanzu.

Mai Tabarau ta fito daga ɗakin ciki, ta zauna a bencin, ba kusa sosai ba.

"Ke ce mai kai abinci kullum, ko?"

Auta ta gyaɗa kai.

"Ƙanwata, zan tambaye ki abu. Amma kafin ki amsa zan gaya miki abin da amsar za ta jawo, don kar ki ce na yaudare ki."

Ta yi bayanin a hankali. Garin gaskiya yana barin alama a fitsari. Masu dubawa sun aiko mata cewa a sauran tanderun da ake aikin, rabin mutane na da alamar, rabi babu, yadda ya kamata. A tanderun su Baba kuwa kowa na da ita, kuma kowa kaɗan. Abu biyu ne zai iya kawo haka. Ko dai a wurin ɗura garin aka yi kuskure aka cakuɗa, ko kuma a tanderun ne ake haɗawa.

"In ban gano ba, dole in ɗauka laifin daga wurinmu ne. In daga wurinmu ne, babu ledar da zan amince da ita a ko'ina. Zan tsayar da aikin gaba ɗaya, duk tanderun. Ba mu da ƙarfin sake farawa. Masu tanderu kuma za su ce ga shi nan, an gwada ba a ga komai ba, jiƙe-jiƙe ne." Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafinta. "In kuwa a wurinku ake haɗawa, ku kaɗai zan cire, sauran su ci gaba. Babanki yana cikin waɗanda zan cire."

Auta ta dubi ƙofar baranda. Babu motsi.

"Ba za ki iya barin shi kaɗai ba?" in ji Auta. "Ya riƙa sha a gida, a gabana."

"Ya riga ya sha wanda ba nasa ba tsawon watanni. Ko na bar shi, jininsa ba zai ƙara gaya mana komai ba. Kuma in na bar shi na cire abokansa, kin san ba zai yarda ba."

Wannan gaskiya ce, Auta ta sani.

"To ki ba shi na gasken kawai. Ba don binciken ba."

"Ban san ko yana aiki ba, ƙanwata. Abin da muke nema ke nan. Zai yiwu shi ya riƙe ƙodarsa, zai yiwu ruwan da yake yawan sha ne, zai yiwu ma garin na da illar da ba mu gani ba tukuna. Ba ni da iznin ba wa kowa shi a wajen gwajin, kuma wanda ke akwai an riga an raba shi da lamba."

Fankar ta juyo ta hura su ta wuce. Auta ta yi tunanin mazan sauran tanderun, waɗanda ba ta taɓa gani ba. Ba ta iya ganin fuskokinsu. Abin da ta iya gani kawai mata ne zaune a kan bulo da kwano a cinya, suna jira. Ta so Mai Tabarau ta yi mata tsawa, ko ta yi mata wayo, ko ta yi alkawarin ƙarya. Da ta yi ɗaya daga ciki, da shirun ya zo da sauƙi. Matar ba ta yi ba. Tana zaune hannuwa a cinya, tana kallon firji.

"Ba dole ba ne," in ji ta. "In kika tashi kika bi babanki, ba zan riƙe ki a rai ba."

Aka ji ƙarar ruwa a ƙarshen baranda.

"A duro suke zubawa," in ji Auta. "Duka. Da safe."

Mai Tabarau ta rufe ido. Ba ta yi mamaki ba, kuma ba ta yi murna ba. "Tun yaushe?"

"Tun farko."

Baba ya shigo riƙe da kwalbar a nannaɗe cikin takarda. Ya dubi 'yarsa, ya dubi Likita. Ya ajiye kwalbar a kan tire a hankali.

"Ta faɗa," ya ce.

"Ni na tambaye ta, Baba."

"Ni ma ai kin tambaye ni." Ya zauna a ƙarshen bencin. "Ba mugunta muka yi ba, Likita."

"Na sani. Laifina ne da ban zauna na ga yadda kuke shan ruwa ba kafin in kawo muku doka. Na ga duron nan tun ranar farko, ban tambaya ba."

"To yanzu a sauran wuraren fa? Ana barin mutum ya sha garin banza, ɗan'uwansa na shan na gaske a gabansa?"

"Haka ake yi."

"Kuma wasu cikinsu za su gaji kafin ku gama."

Ta ce, "Eh."

Baba ya jinjina kai. "Aikinku ya fi namu zafi," ya ce. Ya tashi ya ɗauki hularsa.

Auta ta bi bayansa. A gida shi ya gaya wa Inna, a taƙaice, yana wanke ƙafa. Inna ta fara da shi, ta ce ashe duk safiyar nan rabonsa yake zubar wa ƙattin banza. Sai ta juya kan Auta.

"Ke da ko gaisuwa sai an roƙe ki. Baƙo ya zo ki shige ɗaki. Yau kuma bakinki ya buɗe, a kan ubanki ya buɗe."

"Ƙyale ta," in ji Baba.

"Ba zan ƙyale ta ba. Na binne ɗaya. Waɗancan mutanen da take tausayi, ta san su? Sun san ta? Su za su zo su ɗauke mata gawa?"

Auta ta tsaya jikin bango, kanta a ƙasa.

Mako na gaba mutanen Cibiya suka zo suka karɓi ragowar ledojin. Mai Tabarau ta yi wa mazan bayani da bakinta, ba ta ambaci wanda ya faɗa ba, amma babu wanda bai sani ba. Ta roƙe su su ci gaba da shan ruwa da yawa, su riƙa zama a inuwa in rana ta take. Mai tanderu ya ce inuwa ba ta gasa bulo. Ta ce masa abin da ta gani a jinin mutanensa za ta rubuta shi yadda yake, da cirewar da babu. Ya ce ta rubuta, takarda ba ta cizo.

Auta ta ci gaba da kai abinci. Yanzu in ta shigo rumfar, hira takan tsaya. Ba wanda ya zage ta. Kawu Gajere ya daina tsokanarta, wannan ya fi zagi ciwo. Ba a jima ba shi ma ya daina zuwa, aka ce ya gaji.

Sakamakon gwajin ƙarshe na Baba ya fito bayan haka. Mai Tabarau ta kawo takardar har gida, ta zauna a tabarma, Inna ta ƙi fitowa daga ɗaki. Ƙodar ta ƙara sauka, ba da yawa ba, amma ta sauka. Ta ce ta yi magana da wani likita a babban asibiti, zai gan shi, sai dai layin yana da tsawo. Ta ce abu mafi muhimmanci shi ne ya bar bakin wuta.

"In bar ta in ci me?" in ji Baba, ba da faɗa ba.

Mai Tabarau ta miƙe, ta yi masa sallama.

Da za ta tafi, Auta ta raka ta bakin ƙofa. Ta tattara duk ƙarfin da take da shi ta tambaya yaushe za a san ko garin yana aiki.

"In komai ya tafi daidai, nan da 'yan shekaru."

"In yana aiki, za ku kawo masa?"

"Ku zan fara kawo wa," in ji Mai Tabarau. Ta dubi cikin gidan, inda Baba ke zaune ya jingina da bango, sannan ta kau da kai.

Washegari Baba ya tashi da amai. Ya wanke baki, ya zauna a bakin gado har jirin ya lafa. Inna ta ce ya kwanta. Ya ce yau ake buɗe tanderu, in bai je ba wani za a sa a gurbinsa. Auta ta kawo masa takalmansa, ta tsuguna ta ɗaura masa igiyar, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya bar ta ta gama.

"Kar ki cika gishiri a abincin," ya ce. "Kuma ki zo da wuri."

Ya dafa kafaɗarta ya miƙe, ya fita.